Darasi: Kiyaye Rai a Cikin Taron Jama'a

Mu mutanen Badariya da sauran unguwannin Birnin Kebbi ba baƙin taro ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, yakan tara dubban mutane a bakin Matan Fada. Da an harba bindiga sai masunta su ruga cikin ruwa da gorunansu da komayensu, 'yan kallo kuma su matso gaɓa domin ganin giwan ruwa mafi girma. A wannan lokaci ne na baya yake tura na gaba ba da saninsa ba.

Kada mu ɗauki turereniya da wasa. A ranar 18 ga Disamba 2024 yara 35 suka mutu a wani taron rabon kyauta a Ibadan. Kwana uku bayan haka mutum 10 suka rasu wajen rabon abinci a Cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama, Abuja. Duka biyun taron alheri ne. Yawancin masu mutuwa a cunkoso ba tattake su aka yi ba, matse ƙirjinsu aka yi har numfashi ya gagara.

Saboda haka mu riƙe waɗannan:

1. Da mun isa wuri, mu fara lura da hanyoyin fita. Mu guji ƙofa mai ƙunci, jikin katanga da gaɓar ruwa mai santsi.
2. In muka ji ana taɓa mu ta kowane gefe, lokacin fita ya yi.
3. In taro ya kwashe mu, kada mu yi kokawa da shi. Mu ɗaga hannuwa a gaban ƙirji, mu bi shi muna ratsewa gefe sannu a hankali.
4. Takalmi ko waya in ta faɗi, a bar ta. Wanda ya faɗi ya kwanta ta gefe, ya kare kansa, na kusa kuma su ɗaga shi nan take.
5. Mu riƙe hannun yara, mu kuma sa wurin haɗuwa in an rabu.

Masu shirya taro a Ikklisiyoyinmu su buɗe ƙofofi da wuri, su raba kaya rukuni-rukuni, su fara da tsofaffi da masu goyo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu.