Kwamfuta a Laburare

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muke koyon aikin laburare, zamani ya canja mana. A dā kowane littafi yana da katinsa a cikin durowa. Yanzu sunan marubuci da na littafi da lambarsa, duk cikin kwamfuta muke shigarwa, da manhaja kamar Koha, wadda aka soma amfani da ita a Niyu Zilan a 2000. Amma lambar tana nan bisa tsarin Dewey na 1876: 200 addini, 500 kimiyya. In mun buga lamba ba daidai ba, mai nema zai je wata kanta dabam, ya koma hannu wofi. Saboda haka mu ƙware a tsarin lambobi tukuna, kāna mu zauna gaban kwamfuta. Da tsohuwar zuma ake magani.