Yadda Ƙwayoyin Zarra Ke Riƙe Juna

Masana sun gane cewa ko wane abu na duniya, da dutse, da ruwa, da iska, har jikinka, da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa aka gina shi. Sunansu ƙwayoyin zarra. Don ƙanƙantarsu, in ka jera miliyan guda a layi ɗaya, ba su kai faɗin tsabar gero ba. To, me ya riƙe su har ba su watse?

Ko wace ƙwaya tana da cibiya, da waɗansu 'yan ƙanana da a ke kira ilektaron suna kewaye da ita hawa-hawa. Cibiya da ilektaron suna ɗauke da lantarki iri biyu, kishiyoyin juna. Amma waɗannan kishiyoyi jan juna su ke yi. Ƙwayoyi da yawa sun fi zama daram in hawansu na waje ya cika ilektaron 8. Cikin 1916 Gilbert Lewis na Amurka da Walther Kossel na Jamus suka bayyana wannan, ko wanne da kansa. Hanyoyin riƙon uku ne.

Ta fari, bayarwa. Akwai wani ƙarfe, sodiyam, mai laushi har wuƙa na yanka shi. In an jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta tafasa, wani lokaci ya kama wuta. Akwai kuma wata iska mai dafi, kilorin, wadda aka hallaka sojoji da ita a Beljiyam cikin 1915. Sodiyam yana da ilektaron 1 a waje, kilorin tana da 7. In sun gamu, sai ya ba ta ɗayan nan, ta cika 8, shi kuma hawansa na ciki, mai 8, ya zama na waje. Da mai bayarwa da mai karɓa suka zama kishiyoyi ke nan, sai su manne. Abin da suka haifa shi ne gishiri, wanda ayari ke ɗaukowa daga Bilma. Albasa ba ta yi halin ruwa ba! Riƙon nan kuwa da ƙarfi, sai zafi ya kai digiri 801 kana gishiri ya narke a wuta.

Ta biyu, tarayya. Oksijin, watau iskar nan da ke rayar da mu in mun shaƙa, tana da 6 a waje, saura 2. Haidirojin yana da 1 tak, shi kuwa 2 sun ishe shi. A nan ba mai sakar wa wani. Sai oksijin ɗaya ta haɗa da haidirojin biyu, ko wanne ya kawo ilektaron guda, ita ma ta kawo guda, su riƙe tare, kamar maƙwabta biyu masu katanga ɗaya: ko wanne gidansa ya rufu, ba kuwa mai iya tashi da ita. Haka a ke samun ruwa.

Ta uku, ta ƙarafa. A cikin jan ƙarfe ƙwayoyi duka sun saki ilektaron ɗinsu na waje, suna yawo ko'ina kamar kajin gidan gandu. Yawon nan shi ya sa wayar jan ƙarfe ke ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa kuma maƙeri ke buga ƙarfe ya miƙe bai farfashe ba.

Ga abin lura. In gishiri ya shiga ruwa, sai ruwan ya raba sodiyam da kilorin, ko wanne yana yawo da lantarkinsa. Saboda haka ruwan gishiri hanya ce ga wutar lantarki. Gumin jikinka da ruwan rijiya duk da ɗan gishiri-gishiri a ciki. Kada fa ka taɓa waya ko makunnin wuta da jiƙaƙƙen hannu, ka kuma gargaɗi yaran gidanku.

Tambayoyi
1. Ilektaron nawa sodiyam ke ba kilorin?
2. Mene ne bambancin riƙon gishiri da na ruwa?
3. Don me a ke yin waya da jan ƙarfe?