GYARAN TSOHON GIDA DA ƊAN ABIN HANNU

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar muna zaune ne a gidajen ƙasa da muka gada daga iyayenmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, siminti da kwano da fenti suka yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Wasu sun zuba wa gidajensu ido suna jiran ranar da za su rushe su yi na bulo, wasu kuma sun ci bashi domin ado. Duka biyun ba dabara ba ce. Ruwan saman 2022 ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jihar Jigawa, kuma gidan da aka daɗe ba a yi wa yaɓe ba shi ne ruwa yakan fara kayarwa. Saboda haka darasinmu na yau a kan tsarin gyara ne: abin da za a fara, da abin da zai iya jira.

Da fari, a tare ruwa. A hau soro a duba inda ya tsage, a cike shi, a share indararo, a tabbata yana zubar da ruwa nesa da bango. A ƙwanƙwasa azara: in ta yi ƙarar hoto, gara ta cinye cikinta, sai a sauya ta kafin ta faɗo wa yara. Mai rufin kwano ya sake ƙusoshin da suka saki, tun iskar farkon damina ba ta yaye masa ɗaki ba. Sa'an nan a sauko gindin bango, inda tsallen ruwa da danshi suke zaizaye ƙasa. A yi masa dakali mai gangara, a gyara rariyar tsakar gida. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, yaɓe. A nan ne mutane suke asarar kuɗi. Siminti ba ya kama bangon ƙasa da kyau, domin zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Iyayenmu sun fi mu sanin wannan. Ƙasa mai danƙo suke kwaɓawa da ciyawa, su bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, su yaɓa, su bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda yake hana ruwa ratsa bango. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, don haka a tambayi tsofaffin magina kududdufin da ake samun ƙasa mai kyau. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, cikin ɗaki. Farar ƙasa ta fi fenti araha, tana haskaka ɗaki mai ƙaramar taga, kuma tana barin bango ya sha iska. A shafa ta sau biyu, a bar shafin farko ya bushe tukuna. Ƙasan ɗaki kuwa, daɓe ya wadatar in an buga shi sosai an shayar da shi makuba.

Sai na huɗu, ado. Tabarmar kaba, faifai mai launi, ƙwarya mai zane da asabari a bakin ƙofa, duk ana samunsu a kasuwanninmu, har da ta Maigatari da take ci ranar Alhamis. Tsohon zane mai kyau yana zama labule. Tsohuwar kujera a ɗaure ƙafarta a goge ta. A rage tarkace, domin ɗaki shararre mai kaya kaɗan ya fi cunkusasshe kwarjini.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da aka shigar da gero da riɗi, hannu yana da ɗan abu, bango kuma ya bushe. Wanda ya fara a Nuwamba zai yi Kirsimeti a gida mai haske. A ɗauki ɗaki ɗaya a shekara, a yi adashi maimakon bashi. Mu kuma farfaɗo da gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an gama namu, a tuna da gwauraye da tsofaffin da ba su da mai hawa musu soro.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wane wuri ne ruwa ya fi ɓatawa a gidanmu a daminar da ta wuce?
2. Wa ya iya haɗa makuba a unguwarmu, kuma waɗanne matasa ne za su koya a wurinsa?
3. Gidan wa za mu fara yi wa gayya bana?