Me Ya Sa Manhajar Saba Ke Mutuwa Ba Gargaɗi?

Tambaya: Malam, ina kula da ƙaramar saba mai Linux a wata makaranta a Gusau. Duk ranar da ɗalibai suka yi rububin duba sakamako, sai rumbun bayanan ya tsaya cak, alhali ba a ɗauke wuta ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, sau da yawa Linux ce da kanta ke kashe shi. Idan manhaja ta nemi gurbi a RAM, Linux kan amsa mata ko da gurbin bai isa ba, domin yawancin manhajoji ba sa cinye duk abin da suka nema. Kamar direban motar Tsafe ne ya karɓi kuɗin fasinja fiye da kujerunsa, yana zaton ba duka za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, dole a sauke wani. Mai saukewar shi ake kira OOM killer, kuma ya fi zaɓen manhajar da ta fi cin RAM, wato rumbun bayananka.

Fara da tabbatarwa. Buga dmesg, ka nemi layin da ke ɗauke da "Killed process". In ka gan shi, duba saitin vm.overcommit_memory, wanda ke da lambobi uku. A kan 0 Linux ke zuwa: kintace take yi, buƙatar da ta wuce hankali kawai take ƙi. A kan 1 ba ta hana kowa. A kan 2 ba ta wuce iyaka, wato girman swap (gurbin faifai da ke tallafa wa RAM) haɗe da kashi 50 cikin ɗari na RAM, sai in ka sauya vm.overcommit_ratio.

In PostgreSQL kake amfani da shi, masu shi sun ba da shawarar 2. Redis kuwa 1 yake so, saboda yadda yake kwafar kansa lokacin adana bayanai. Amma ka yi hattara: saba mai RAM 4GB marar swap, in ka sa 2, 2GB kaɗai za a raba, manhajoji su riƙa ƙin buɗewa. Saboda haka ƙara swap tukuna, ka kwatanta CommitLimit (iyakar) da Committed_AS (abin da aka riga aka raba) a cikin /proc/meminfo, sannan ka rubuta saitin a /etc/sysctl.conf don kada ya goge idan aka ɗauke wuta.

Ka gwada duk wannan kafin ranar fitar sakamako. In har yanzu gurbin na ƙarewa, ƙarin RAM ne maganin, domin saiti ba ya ƙara wa na'ura abin da ba ta da shi.