Zuwa ga Ƙannena Masu Shirin Doguwar Tafiya a Kan Keke



Tunda kun ɗaura niyyar tafiyar kwanaki a kan keke, ku da abokanku, bari in yi muku maganar ranar da ba a sa hotonta a Facebook. Ba ranar farko ba ce, domin ranar farko kowa jarumi ne. Takan zo a rana ta uku ko ta huɗu, bayan sirdi ya goge mazaunai, cinya ta yi tsami, barcin jiya kuma bai ishi kowa ba. Idan lokacin hunturu ne kuma kun nufi arewa maso gabas, kamar daga Kano zuwa Haɗejiya, iska za ta tokare muku ƙirji tun safe. Idan watan Afrilu ne, rana ce za ta yi aikin, zafi ya haura digiri 40 kafin azahar.

Abin da nake roƙonku a wannan rana guda ɗaya ne: wanda ya ji jikinsa ya fara saki, ya faɗa da wuri. Na san da wuya. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya raki, kuma ko wanda ke shirin faɗuwa aka ce masa "ina gajiya", "ba gajiya" zai amsa. A zaure wannan ladabi ne. A kan kwalta, kilomita 30 tsakaninku da gari na gaba, ɓoye gajiya zalunci ne ga abokan tafiya, domin su ne za su ɗauke ka idan ka zube.

Yawancin abin da mutum ke ɗauka raunin zuciya ne a irin wannan rana, yunwa ce kawai. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma ajiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana taka keke da ƙarfi. Da ta ƙare sai ƙafa ta mutu, jiri ya taso, rai ya ɓaci ba gaira ba dalili. A nan ne za ku ga mutumin kirki yana zagin abokinsa saboda famfo. Kada ku biye masa, kada madugun tafiyarku ya tsaya yin shari'a a bakin titi. Ku nemi inuwa, ku ba shi dabino da ayaba ko fura, ku jira minti 20. Sau da yawa shi da kansa zai ji kunyar abin da ya faɗa. Ku riƙa ci kafin ku ji yunwa, kuna kurɓar ruwa kafin ƙishi ya kama ku. In gumi ya yi yawa, ruwa zalla ba ya wadatarwa: a lita ɗaya a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma wanda ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, jikinsa ya yi rau, wannan ya wuce dabino. A sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Ranar 13 ga Yuli 1967, a gasar Tour de France, Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi a hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, bai tashi ba. Shekarunsa 29. Ya yi kwanaki yana fama da ciwon ciki, an kuma sami ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa. Ƙwaya ba ta cire gajiya, bakin jiki take toshewa don kada ya yi ƙara. Na kawo wannan ne don na san a cikinku ba za a rasa mai tiramadol a aljihu ba, yana cewa ai don ciwon baya ne. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma saboda shi aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar Tour de France ta 2022. Su da ke da likita a mota yana biye da su ke nan, balle ku da tirela ke wucewa ta gefen kafaɗarku.

Sai batun jeri. Wanda ya lafe a bayan tayar wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da zai sha, saboda na gaba ne ke tsaga masa iska. Don haka a ranar wuya masu ƙarfi su riƙa karɓar gaba bi da bi, wanda ya galabaita a sa shi tsakiya, a kuma bar mutum ɗaya mai haƙuri a ƙarshe da faci da famfo. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su bar tafiya ga mai sauri ba. Akwai jagaba, akwai madugu, kuma ba a cewa an isa zango sai jakin ƙarshe ya shigo. Mai ƙarfin da ya tsere ya riga kowa isa, ya zauna yana shan shayi, bai burge ni ba ko kaɗan.

Za ku ji ana ba da labarin Eugène Christophe, Bafaranshen da ƙarfen tayar gabansa ya karye a gangaren dutsen Tourmalet a gasar Tour de France ta 1913. Ya saɓi keken ya sauko da ƙafa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, don dokar gasa a lokacin ta hana karɓar taimako. Duk da haka alƙalai suka ci shi tarar mintoci, wai don wani yaro ya zuga masa zugazugi. Labari ne mai daɗin ji, amma dokar ba taku ba ce. Ba mai riƙe muku agogo. Ku karɓi taimakon mai faci, ku karɓi turin abokinku a kan tudu, in ta kama ku hau motar kaya da kekenku zuwa gari na gaba. Addini ma ya yi wa matafiyi sauƙi, ya ba shi ƙasaru, ya ba shi damar ajiye azumi ya rama.

Idan kun sauka da yamma, kada kowa ya yanke shawarar komawa gida kafin ya yi wanka, ya ci tuwo, ya yi barci. A wanke wandon tuƙi a shanya, a shafa man basilin inda sirdi ya goge, a duba birki da sarƙa tun da sauran haske. Maganar rage zangon gobe ko hutun yini guda a bar ta sai bayan sallar asuba, kuma madugu ya fara tambayar wanda ya fi shan wuya jiya kafin masu ƙarfi su buɗe baki.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ku gaishe da mutanen gida.

Naku,
Yayanku