Cinikin Fili: Abin da Ake Rufewa da Abin da Ba a Rufewa

'Yan'uwa manoma, gari yana ta matsowa kusa da gonakinmu. Inda muka shuka dawa bara, bana an yanka shi fuloti-fuloti. Saboda haka ya kamata kowace ƙungiyar gama kai ta san ƙa'idar cinikin fili. Ga ta a taƙaice: a rufa asirin mutum, amma kada a ɓoye aibin fili.

1. Asirin mai sayarwa

Ba a rabuwa da gona sai da dalili: bashi, ko rashin lafiya, ko kuɗin makaranta. In dillali ya raɗa wa mai saye cewa wane yana cikin matsi, ya karya masa farashi ke nan, gama za a taya filin da wulakanci. Dillali da magatakardan ƙungiya masu riƙon amana ne. Kada su faɗi dalilin sayarwa, ko kuɗin da mai fili zai sallama a kai. Kada kuma su ba kowa lambar wayarsa ko ta asusunsa na banki sai da yardarsa. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta hana amfani da irin waɗannan ba bisa ƙa'ida ba.

2. Aibin fili

Wannan kuwa ba asiri ba ne. In akwai rigimar gado a kan filin, ko an jinginar da shi, ko yana kan burtali, ko hanya za ta bi ta ciki, dole mai saye ya sani kafin ya biya. Wanda ya ɓoye wannan cuta ya yi.

3. Takardun ƙasa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amanar jama'a. Abin da muke saye ikon zama da aiki a kan fili ne. A birni gwamna ke ba da satifiket. A karkara ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin noma har hekta 500. Mai satifiket ba zai sayar ko jinginar ba sai da yardar gwamna. A karkara kuma a nemi ta ƙaramar hukuma. Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta isa ita kaɗai ba.

4. Izinin gini

Sayen fili daban, izinin gini daban. Kafin mu sa harsashin sito ko ɗakin injin niƙa a yankin da gwamnati ta tsara, sai mu kai zanen ginin ga hukumar tsara gari: KASUPDA a Kaduna, KNUPDA a Kano, JMDB a Jos. In muka yi gini ba izini, ana iya rushe shi, gumin ƙungiya duka ya tafi a banza. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taro

a. Wa ke ajiye takardun filayen ƙungiyarmu, su wa kuma ke iya ganinsu?
b. Filin sitonmu yana da takarda daga hukuma?
c. In ɗayanmu zai sayar da gona saboda bashi, yaya za mu taimake shi ba tare da tona masa asiri ba?