Daga Katsina Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgin Sama?

Duk shekara alhazai suna tashi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zuwa ƙasa mai tsarki. In sun komo, wani ya ce maka awa huɗu suka yi a sama, wani ya rantse shida da rabi ne. Ɗalibin da ya riƙe darasin lissafi da na labarin ƙasa yana iya raba wannan gardama.

Tsakanin Katsina da Jidda, in an miƙe sosai ba ratse, akwai wajen kilomita 3,500. Babban jirgin fasinja kuwa in ya daidaita a sama yakan ci kamar kilomita 850 cikin awa guda. To, raba nisa da gudu, sai ka sami lokaci: 3,500 a raba da 850 ya ba da awa 4 da 'yan mintoci. Amma jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya hau a hankali, in ya kusa kuma ya rage gudu ya sauko. Saboda haka a ƙara kamar rabin awa, ya zama awa huɗu da rabi. Iska ma tana da nata rabo: in tana bayan jirgi ta tura shi, in ta tare shi ta gaba ta ja masa lokaci.

To, ina mai cewa shida da rabi ya samo tasa? Agogo ne ya ruɗe shi. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, watau digiri ɗaya cikin minti 4. Katsina tana wajen digiri 7 da rabi gabas da layin Girinwic, Jidda kuwa wajen digiri 39. Bambancin ya ɗara digiri 31, shi ya sa rana takan riga kaiwa tsaka a can da awa biyu da 'yan mintoci, agogon Saudiyya kuma yana gaba da namu da awa 2 cif. Ga misali, jirgi ya tashi Katsina ƙarfe 10 na dare. Agogon hannunka zai nuna 2:30 in kun sauka, na bangon filin jirgin Jidda kuwa 4:30 na asuba. A komowa sai abin ya juye: ku bar Jidda ƙarfe 10, ku iso gida 12:30, har mutum ya yi tsammani jirgin ya ƙara sauri.

Kakanninmu da za su ji wannan gardama dariya za su yi. A da da ƙafa da jaki ake tafiya, ta Barno da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru a hanya suna noma suna neman guzuri. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya tafi haji a 1921, jirgin ruwa ya shiga, ya bi ta Ingila. Jirgin sama bai sauka Kano ba sai 1925.

Sai dai a lura, lissafinmu na miƙaƙƙiyar hanya ne, ita kuwa ta kan Cadi da Sudan ta ratsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan wannan shekara suka yi zagaye, lokaci da kuɗin mai duk suka ƙaru.

Ga aiki ga 'yan aji uku: Katsina zuwa Legas wajen kilomita 850 ne, agogonsu kuma ɗaya. Me ya sa jirgi ba ya isa cikin awa guda daidai?